Batirin Kwamfuta da Saukar Inna

Ƙarfe shida da kwata na yamma, ranar wata Litinin, na shigo falon gidanmu da ke Karu daga wurin aiki. Mutum biyu na tarar: mai ɗakina tana tsince shinkafa, da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, zaune a kan tabarma da kwamfutata a gabanta bisa matashi, fuskar na'urar baƙa ƙirin.

"Kai wannan," in ji Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba. "Allon nan naka ya mutu tun la'asar."

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a birkice. Inna ta zo Abuja ne saboda yanar ido, likita kuma ya sa Asabar ɗin makon don yin aiki. Shekara da shekaru ba ta fashin tilawa, amma idon ya kai inda ba ta iya bambance baƙaƙe a takarda. Sai na sa aka zuba mata karatun a tsohuwar kwamfutata, na ƙara girman rubutun har kowane harafi ya kai babban yatsa, na kuma saita na'urar kada ta riƙa kashe kanta, don kada shafi ya ɓace mata. Ranar da ta fara gani ta yi dariya, ta ce ashe idon da sauransa. Nan take ta ɗauki niyya: za ta sauke da idonta kafin a sa masa wuƙa. Na ce mata aikin ba wani abu ba ne, mutane na yi kullum. Ta ce ta ji, amma ba wanda ya ba ta takardar cewa za ta sake gani.

Wutar unguwarmu kuwa tana da tsarinta. Ana kawowa da hantsi, a ɗauke bayan azahar. Daidai lokacin ne ake ɗiga wa Inna magani, ido ya yi dishi-dishi, ta kwanta. Karatunta bayan asuba ne da bayan la'asar. Ke nan komai ya rataya a wuyan batir.

Ni karatuna bai wuce sakandare da kwas ɗin buga tafireta ba, amma na daɗe a ofishin ajiye fayil na wata ma'aikata, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne bin abu daki-daki. Na ajiye jaka, na fara da mai ɗakina.

"An kawo wuta yau?"

"An kawo."

"Kin jona?"

"Na jona, a ɗakin Inna. Tun shekaranjiya ta ce a mayar mata da ita can."

"Soket ɗin ɗakin yana aiki?"

"A nan na cika wayata. Malam, kotu muke ne?"

Na rabu da ita na koma kan caja. Na bi wayarta da yatsa daga kai har gindi, ba karaya, ba cizon ɓera. Na leƙa bakin da ake cusa ta, na sa tsinken sakace na fito da 'yar ƙura. Na kifa kwamfutar na zare batirin, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci kamar yadda na ga masu gyara suna yi a ofis, na mayar. Bai kumbura ba, bai yi wari ba. Inna tana kallona.

"Ka gama yi masa wankan?"

"Gobe zan kai wa mai gyara."

"Gobe kuma da me zan yi karatu? Da ƙeyarka?"

Washegari na tsaya a Nyanya, shagon wani mutumin Filato da ke gyara mana na'urorin ofis. Ya jona cajata a soket ɗinsa, 'yar fitilar gefe ta kama nan da nan, lambar batir ta fara hawa. Ya canja caja, haka. Ya dube ni.

"Oga, wannan batir ba ta da ciwo. Caja ma lafiyanta ƙalau."

"To me ya sa a gida ba ya ɗauka?"

"Wataƙila ba ta son gidanka ne. Ka bar mini ita, ni ina so."

Na ce ya sayar mini da sabon batir in huta. Ya ce zai sayar in na matsa, amma kada in dawo ina yi masa ihu a gaban kwastoma. Na fasa. Na bar kwamfutar ta cika, na ɗauka da yamma. Inna ta rasa karatun yini guda, ba ta kuma ɓoye mini ra'ayinta a kan haka ba. Ta rama abin da ta iya bayan magariba, ta ɗora da asuba har batir ya kusa ƙarewa.

Laraba na dawo, allo baƙi. An kawo wuta, an jona, ba abin da ya shiga. Wannan karon Inna ba ta yi mini tsiya ba. Tana zaune da carbi, ta ce, "In bai yiwu ba, shi ke nan, Allah ya ga niyya." Tsiyar ta fi mini sauƙi a kan wannan magana.

Na zauna na jera abin da na sani. Batir lafiya. Caja lafiya. Soket lafiya. A shago tana ɗauka, a falo ma da tana ɗauka, a ɗakin Inna ba ta ɗauka. Abu ɗaya ne ban gani da idona ba: yadda take zama a ɗakin lokacin da nake ofis. Ranar Alhamis na nemi izinin rabin yini, na dawo gida rana tsaka, fanka tana juyawa a falo.

Na yi sallama a ƙofar Inna. Tana kwance, idanu a rufe. Na ga wayar caja ta fito daga bango, ta hau gado, ta shige cikin wani ƙunshi a gefen kanta. Na fara buɗewa. Mayafi ne a sama. Ƙarƙashinsa darduma mai gashi. Ƙarƙashinta bargon da muka saya mata saboda sanyin asibiti. Can ciki ga kwamfuta a kan matashin auduga, a kunne, tana huci kamar burodin da aka fito da shi yanzu. Na sa tafin hannu a ƙasanta na janye da sauri. Ramukan da take shan iska duk matashi ya toshe su. Na tuna mai gyaran nan ya taɓa faɗa mana a ofis cewa in batir ya yi zafi sosai, na'ura da kanta take hana shi caji don kada ya lalace.

"Wa ke taɓa mini kaya?"

"Ni ne, Inna. Wa ya lulluɓe ta haka?"

"Wa kake zato? Yarinyar nan sai ta ajiye shi a kan tebur tsirara, kusa da kofin shayi, ta fita. Maganar Allah ce fa a ciki."

"Inna, na'ura ce. Iska take so."

"Jiya da asuba me na karanta a ciki? Jarida?"

Na juya ga mai ɗakina da ta leƙo.

"Kin san da wannan?"

"Na sani mana. Ka tambaye ni wuta, ka tambaye ni soket. Ba ka tambaye ni bargo ba."

Na ce to a ɗora ta a tebur, a kawar da kofi. Inna ta ce teburin da ake cin tuwo a kai? Na ce kan akwati. Ta ce akwatin da ke ƙasa, ana tsallake shi? Muna cikin haka mai ɗakina ta fita, ta dawo da katakon nan mai buɗewa kamar almakashi, wanda ake ɗora littafi a kai lokacin tilawa. Nata ne tun na Islamiyya. Ta buɗe shi a kan durowa, ta ɗora kwamfutar. Gefe da gefe suka zauna a kan katako, ƙasa duk fili, iska na wucewa. Inna ta shafa da hannu, ta ce, "Yanzu kuka yi hankali. Da ma nan ne wurinsa."

Muka kashe ta ta huce, muka sake jonawa. Fitilar gefe ta kama. Saura maganar rufi, don Inna ta ce ba za a bar shi a buɗe ƙuda na sauka ba. Muka yi yarjejeniya: ba rufi sai an cire caja an kashe, kuma mayafi mara nauyi kaɗai. Bargo ya koma jakar asibiti.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta sauke. Muna zaune a bayanta ta yi addu'a mai tsawo, ta sa da mu, da likita, har da mai gyaran Nyanya da bai gyara komai ba. Aka yi aiki Asabar. Da aka cire bandeji, abin da ta fara cewa shi ne ashe na yi furfura haka ba wanda ya gaya mata. Yanzu ta koma littafinta na takarda da idon dama, na hagu yana jiran nasa aikin. Katakon mai ɗakina kuwa ta tafi da shi gida.

Mai karatu, abu biyu nake roƙonka, kuma a jere. In batirin kwamfutarka ya ƙi caji, kafin ka sayi sabo, ka je lokacin da take jone ka sa tafin hannunka a ƙasanta, ka ga a kan me aka ɗora ta. Bayan haka, ka sa idon Inna na hagu a addu'arka.