Ranar Da Na Fassara Ruwa Da Sanyi

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, kuma duk wanda na karanta sai nawa ya motsa a zuciyata. Yau na daure na rubuto. Ina roƙo a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A farkon shekarun tamanin ni budurwa ce 'yar Kano da ta je Alƙahira karatun Larabci da adabinsa. Ba ni da hayaniya, ba ni da yawan ƙawaye. Na fi son in tsaya bakin taga ina kallon inda gine-ginen unguwarmu ta Hay el-Sabi' suka ƙare, hamada ta fara, ina harhaɗa baitoci a raina waɗanda ban taɓa karanta wa kowa ba. Abu ɗaya nake taƙama da shi a ɓoye, shi ne Larabcina. Malamai suna yabon karatuna a aji, ɗalibai 'yan ƙasarmu suna neman in raka su ofis in yi musu tafinta. Sannu a hankali na ɗauka babu kalmar da za ta fito daga bakin Balarabe ta gagare ni.

Ɗaki ɗaya muke da wata yarinya 'yar Damagaram wadda ta zo a shekarar. Boko ta yi da Faransanci, Larabcinta bai wuce na salla da gaisuwa ba, don haka ni ce kunnenta, ni ce bakinta. Mai fara'a ce, ga tsokana. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa, to kullum sai ta ce Bakanuwa ko ruwa za ta sha sai ta taya kuɗinsa, ni kuma in ce Badamagariya ta zo birni ta ga bene tana neman inda ake ɗaure raƙumi. Amma idan magana ta gaskiya ce, Yaya take ce min. Ta sha gaya min da ƙyar mahaifinta ya bar ta ta taho, kuma gurbin karatun da ta samu da sharaɗi yake: idan ba ta ci jarrabawar shekarar farko ba, gida za ta koma. Burinta ta zama malama a garinsu.

A bayan unguwar akwai wani fili da hukumar yankin ta keɓe, ta hana zubar da shara da ɗibar yashi a cikinsa. Tudu ne mai duwatsu, da wani kwari busasshe da ya ratsa shi daga wajen tsaunukan gabas. An dasa itatuwa a wurin don su tare iska, amma babu ma'aikaci ko ɗaya, mutanen unguwa ne suke kula da shi don Allah. Shugabar aikin wata dattijuwa ce a benenmu, tsohuwar malamar makaranta 'yar asalin Iskandariya, kowa Abla yake ce mata. Ita ta ja ni ciki. Aikin lokacin sanyi shi ne a naɗe ƙananan dashe da buhu kada iskar hamada ta ƙona su, a kafa musu turke, a gyara shingen waya, a kwashe abin da marasa tsoron Allah suka jibge. Kowa da ɓangarensa. Ni na roƙa aka ba ni can cikin kwarin, inda babu mai so saboda nisa.

Dalilina kuwa na yarinta ne. A ƙasan kwarin akwai wata tsohuwar kurna, irin ta gidan kakata sak, kuma an dasa 'ya'yanta a jere a gefen yashi. Idan na zauna a gindinta, gaɓar kwarin ta rufe min birnin gaba ɗaya, ba ƙarar mota, ba kowa, sai in ji kamar ina gida. Ina yi wa 'yan dashen nan magana kamar ƙannena.

Wata Juma'a a tsakiyar sanyi muka wayi gari bayan an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Hankalina duk yana kan dashena, na san buhunan sun yage. Na matsa wa ƙawata ta raka ni. Ta ce tana da hadda, ta ce ƙasusuwanta ba sa son wannan gari, na yi ta lallashi har da alkawarin zan dafa mata shinkafa da wake idan mun dawo. Ta tashi tana mita, tana cewa yau Bakanuwa za ta yi kyauta, lallai duniya ta zo ƙarshe. A matattakala muka haɗu da Abla ta leƙo daga ƙofarta, lulluɓe da bargo, mura ta kama ta har muryarta ta dishe. Da ta gan mu da buhuna da igiya sai ta riƙe hannuna, ta ce yau an fasa aiki, kada mu sauka kwari, tun jiya akwai shita a kan dutse. Ta maimaita, shita mai yawa.

Ni a littafi na san wannan kalma, kuma ma'anarta ɗaya na sani: lokacin sanyi. Na yi murmushi na nuna mata suwaitar da ke ƙarƙashin mayafina, na ce kada ta damu, mun shirya masa. Tari ya sarƙe ta, ta ɗaga min hannu, ta koma ciki. Daga baya ta ce ta ɗauka a kan tudu za mu tsaya. Ƙawata ta tambaye ni me tsohuwar ta ce, don ta ga fuskarta ba daidai ba. Na ce cewa ta yi ana sanyi a kan dutse. Ta yi dariya, ta ce wannan ai ko makaho ya sani.

Tun a hanya abubuwa suka soma yi min wani iri, amma ban ba su muhimmanci ba. Iskar nan ta kwana biyu ta ɗauke ɗif. Babu ko mutum ɗaya daga masu aikin. Can gabas, a kan tsaunuka, sama ta yi baƙi ƙirin kamar an kifa tukunya, alhali a kanmu rana ce fara, mara zafi. Ƙawata ta tsaya ta daɗe tana kallon wajen, ta ce Yaya, wannan fa a garinsu hadari ake ce masa. Na ce a garinsu da namu, ta taɓa jin an yi ruwa da sanyi? Na ce nan ƙasar ma ba ta san ruwan sama ba, abin da na gani a zamana bai wuce yayyafin da ko mayafi ba ya jiƙawa. Ta ce haka ne kuma. Mu biyun mun tashi a inda busasshiyar ƙorama da ɗari wurin wasan yara ce, wurin da mata ke bi su yanke hanya. Da wannan sanin muka sauka.

A bakin gangaren muka ci karo da karnukan da ke kwana a kwarin suna hawowa a jere. Kullum sai sun yi mana haushi, ranar ko kallonmu ba su yi ba. Da muka isa ƙasa sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na ruwan farko, alhali yashin da muke takawa a bushe yake. Wallahi daɗi na ji. Na lumshe ido ina shaƙa, ina tunanin yadda zan sa shi a baiti. Muka raba aiki, ni a wajen tsohuwar kurnar, ita ta gangara gaba inda kwarin ya tsuke, gaɓoɓinsa suka miƙe tsaye kamar katanga.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na fara jin wani gurnani daga nesa, na ce a raina tifofin masu satar yashi ne. Gurnanin bai wuce ba kamar yadda mota ke wucewa, ƙaruwa yake yi, har na soma jin sa a tafin ƙafata. Ƙananan tsakuwa suka fara gangarowa daga gaɓa su kaɗai. Sai ga wani siririn ruwa ja, mai kumfa, ya ɓullo daga kwanar yana tafe a kan yashi a hankali, yana tura ƙirare da busassun ganye a gabansa. Edita, ban gudu ba. Tsayawa na yi ina kallonsa, ina mamakin kyansa. Ihun ƙawata ne ya farkar da ni. Ita ta san wannan abu tun tana yarinya, ta san abin da ke biye da shi.

Da ta bi wata tsaga ta hau gaɓar da ke kusa da ita, da ta tsira. Ta baro wurin ta rugo wajena, saboda ta ga na sandare. Ta fizge ni zuwa inda wani dutse ya turo kai daga gaɓa, ta durƙusa ta ce in taka bayanta. Na taka, na kama dutsen, na haye. Na juyo na miƙa mata hannu, yatsunmu sun taɓa juna, sai ruwan ya iso. Ban taɓa ganin irinsa ba. Taɓo ne da duwatsu da turakun shinge da wayoyi, tsayinsa ya kai ƙirji, ƙararsa ta hana ni jin muryar kaina. Ya ɗauke ta a gabana kamar tsumma.

Tsohuwar kurnar ce ta tare ta. Na hango ta rungume da reshe, ƙaya ta yayyage mata fuska da hannaye, ruwa yana dukanta yana rufe kanta yana buɗewa. Na kwance mayafina na jefa, bai kai ko rabi ba. Na yi ta kiran sunanta, ina cewa ta riƙe, ita kuwa bakinta kawai nake gani yana motsi da salati. Na rarrafa na hau tudu, na yi gudu ba takalmi zuwa wani gini da ake yi a ƙarshen unguwa. Duk Larabcin nan nawa ya gudu, da Hausa nake yi wa leburorin ihu ina nuna kwari. Allah ya saka musu da alheri, suka biyo ni da igiyoyi. Ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu, sauran suka riƙe, ya shiga. Da suka fito da ita jikinta ya yi sanyi ƙalau, ƙafarta ta dama ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa.

A barandar asibiti Abla ta same ni, da bargonta da komai. Tana kuka tana tambayata me ya kai mu, ba ta ce min ana shita a kan dutse ba? Na ce ta faɗa, kuma mun sa suwaita. Ta kalle ni, ta dafe kai. Ta ce ya binti, wato 'yata, a bakinsu na mutanen Iskandariya shita ruwan sama ne, domin su da sanyi ake yi musu ruwa, kuma idan ya sauka a kan tsaunuka, ta kwarin nan yake biyowa ko da a birni ba a ga ɗigo ba. Ta ɗora wa kanta laifi, ta ce da ta faɗa da wata kalmar. Ni na san ba ita ba ce. Na ga fuskarta a matattakala, na ga yadda ta riƙe hannuna, kuma da na ce ta ƙara min bayani da ta yi. Girman kai ne ya hana ni tambaya a gaban wadda take ganin na san komai.

Ƙashin ya karye a wuri biyu, sanyi kuma ya shiga haƙarƙarinta. Ta daɗe a kwance. Kullum ina zuwa da abinci, ina karanta mata darussa, amma ban iya gaya mata abin da Abla ta ce ba. Ita a zatonta ƙaddara ce ta faɗo mana ba gargaɗi. Wata rana ina zaune a gefen gadonta sai wata nas ta shigo tana kakkaɓe ɗankwalinta, tana ce wa abokiyar aikinta ana shita a waje. Ƙawata ta juya ta kalli taga, ruwa yana gangarowa a jikin gilashi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaye ni a hankali, ko wannan ce kalmar da tsohuwar ta faɗa ranar nan. Na ce ita ce. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce in ja mata bargo, ta juya fuskarta bango.

Jarrabawa ta zo tana kan sanda, ta shiga, ba ta ci ba. Yayanta ya zo ya tafi da ita. A filin jirgi ta ce ta yafe min, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa, don ba ta iya ƙarya ba. Kwarin kuwa an hana ɗalibai shiga, dashena ko ɗaya bai rage ba, ban kuma sake taka wurin ba.

Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwana, musamman masu fita karatu ko aiki wata ƙasa, shi ne kowace ƙasa da lokutanta, kuma abin da ka sani na sama da ƙasa a garinku yana iya kashe ka a garin wasu. Aikin kula da daji da itatuwa aikin lada ne, ban ce a bari ba, amma idan mutanen wuri suka ce yau ba a shiga, a tsaya a ji dalili. Wanda kuma Allah ya sa ya zama kunnen wani, ya sani amana ce ya ɗauka. Idan kalma ta zo da fuskar da ba ta dace da ma'anar da ka sani ba, ka ce ban gane ba, a sake faɗa. Ni na ji kunyar faɗar wannan. Na gama karatuna, na dawo gida, yau shekaru ke nan ina koyar da Larabci. Ita kuwa, wadda ta durƙusa na taka bayanta, ba ta sake shiga aji ba.