Hoton Da Na Tura Kano

Da za a ce in goge abu ɗaya daga rayuwata, hoton da na tura wa yayana a Kano zan goge. Hoton wata ƙaramar tuta ce mai launi shida, wadda na gani a but ɗin motar ɗana na fari.

Motata ce ta ƙi tashi ranar, sai na ari tasa na je kantin 'yan Afirka da ke Hyattsville, kusa da Washington, sayen doya da manja. Na buɗe but zan zuba kaya, sai ga ta a naɗe kusa da tayar safaya. Na daɗe ina tuƙa tasi a Washington, na san tutar nan, ta masu neman jinsi ɗaya ce. Duk watan Yuni ina ganinta a ƙofofin gidaje da gilasan shaguna, ina wucewa abina. Amma ranar nan a motar ɗana na gan ta. Na tsaya riƙe da doya ina waige-waige, kada wani ɗan garinmu ya ɓullo ya gan ni da ita.

Wani zai ce me ya hana in tambaye shi. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, "kai" nake ce masa, ko in tambayi uwarsa ina yaron nan. A gidanmu maganar ɗan fari ta ɗan'uwan uba ce, shi ke yi masa faɗa, shi ke nema masa aure. Zaman Amurka bai cire mini wannan kunyar ba. Sai na ɗauki hoton tutar da waya, na tura wa Yaya, na rubuta a ƙasa: ga abin da na gani wurin ɗanka, ka yi masa magana.

Na zaci zai kira shi a asirce. Abin da ban yi tunani ba shi ne Yaya bai san tutar ba. Ya miƙa wa samarin gidansa wayar, ya ce su faɗa masa ta wace ƙasa ce. Su kuwa sun sani. Kafin Juma'a hoton ya shiga zauren dangi na waya, da maganata a ƙasansa.

A lokacin an riga an yanke wa yaron da uwarsa tikiti, za su je duba mahaifiyata da ke kwance. Ita ta matsa a kawo mata shi. "Angona" take ce masa, tana yi masa tsiya wai ya bar ta ba kuɗin cefane.

Saƙon murya ya fara shigowa. Wani ɗan Yaya ya ce, "Baba, a ce wa ɗan Amurka ya zo mana, akwai masu jiransa." Ana dariya a bayansa. Wani kuma ya ce ya san inda ake kai rahoton irinsu. Matata ta saurara har ƙarshe, ta ajiye wayar a hankali.

"Malam, me ka aikata?"

"Yaya kaɗai na tura wa."

"Yaya kaɗai! Yayan da wayarsa ke wuni a hannun yara?"

Dole ta sa na yi magana da shi. Bayan la'asar na same shi a kicin yana shan shayi. Na ce, "Kai, ba za ka je Kano ba." Ya tambaye ni dalili, sai na kunna masa saƙon. Yana jin Hausa sarai, da Turanci yake amsawa. Ina kallo ya ajiye kofin.

Ya ce, "Baba, da ni ka tambaya."

Ya fita ya ɗauko tutar, ya shimfiɗa ta a kan tebur. Ni kuwa na tashi da sauri na saki labulen taga. Ya ɗora yatsa a kan jan, ya ce wannan rayuwa ce. Ruwan goron waraka ce, ga waɗanda aka ji wa ciwo. Ya yi bayanin rawaya da kore, rana da tsirrai, amma rabin hankalina yana ƙofa, ina tsoron wani ya ƙwanƙwasa. Da ya zo kan shuɗin ya ce natsuwa, sai ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya ce, "Wannan kam babu ita yanzu." Na ƙarshen, shunayya, ya ce ruhi ne. Ya dube ni yana jiran abin da zan ce.

Abin da na ce shi ne, "Su waye suka sani a nan?" Ban tambaye shi yadda yake ba.

Uwarsa ta tafi ita kaɗai. Aka ce wa tsohuwa jarrabawa ce ta riƙe shi. Ta rasu tana tambayar angonta. Shi kuwa ya kama ɗaki a Alexandria, nan gefen Washington. Yana kiran uwarsa, wani lokaci ya ce ta gaishe ni.

Ban sauya addinina ba, kuma har yau ban san inda zan ajiye abin da ya nuna mini ba. Na dai san ba zai iya taka garin kakanninsa ba, kuma ni na jawo. Tsoron bai tsaya can ba. In baƙo ya zo daga gida, ya riƙe hannuna a masallaci ya ce ina babban ɗanka, sai in ce yana nan lafiya, in yi saurin sauya magana. Yanzu ma an ce ɗaya daga cikin samarin gidan Yaya na neman gurbin karatu a Maryland, nan kusa da mu, kuma a gidana ake sa ran zai sauka.

Ku da kuke da 'ya'ya, ina roƙonku. In kun ga abin da ya tsorata ku a wurin yaro, kada ku kai maganarsa gaba, ko ga wanda kuka fi yarda da shi. Ku daure, ku zaunar da shi, ku tambaye shi da bakinku.