Furen da Akuya Ta Cinye

Duk wanda ya taso a hannun kaka zai ce maka tatsuniyarta daɗi gare ta. Ni dai ta Iya Kande haushi take ba ni, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mini a goshi haushin bai gama sakina ba.

A unguwar Gangare ta Jos muka taso, a wani gida mai tsakar gida kamar tafin hannu. Iya Kande mahaifiyar babanmu ce, gajeriya, mai kaifin harshe, tana tuyar ƙosai da safe a bakin zaure. In damina ta zauna, sanyin Jos ya fara shiga ƙashi, da an idar da magariba an ci tuwo sai ta sa a kawo mata kaskon garwashi ƙofar ɗakinta. Mu kewaye shi, ni da yayana Sani da ƙannenmu, kowa ya ƙudundune cikin zani ko tsohuwar suwaita, ruwa na ɗigowa daga rufin kwano yana faɗawa cikin bokiti. Ta tura 'yan dankalin turawa cikin toka, ta gyara zama, ta ce, "Ga wata nan tafe da ƙafarta." Mu ce, "Ta shigo ta sha ɗumi."

Abin haushin shi ne Iya ba ta tatsuniya don Allah. Kowace da wanda ta nufa. In Sani ya ƙi aike da rana, da yamma za a ji labarin wani malalacin yaro mai tabo a goshi, irin tabon Sani sak, wanda kura ta yi gaba da shi. Shi ya sa kafin ta buɗe baki kowa ya fara tunanin laifin da ya yi a ranar.

A kusurwar tsakar gidan akwai wardi da ta shuka cikin wani tsohon baho da ya huje. Ƙawarta Mama Chundung, wata 'yar Bukuru da ke kawo mata tattasai da albasa, ita ta ba ta reshen. Ruwan wankin wake take zuba masa, kuma wanda duk ya kai hannu kusa da shi, ko ƙaya ba ta soke shi ba Iya za ta soke shi da baki.

Ina firamare Kawu Audu, ƙanin mamanmu da ke ɗinki a Anguwan Rogo, ya gaji da jin ana yi mini faɗa kan ɓata bango da gawayi, sai ya kawo mini ɗan kwalin fastel. Allin zane ne mai laushi, launi-launi, in ka goga shi da yatsa ya baje kamar hoda. Na ɗauki ja da kore, na tsuguna gaban bahon, na zana furen, na ruga na kai wa Iya. Ta riƙe takardar nesa da idonta, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Ikon Allah," ta ce. "Binta, yaushe aka fara noman jan kabeji?"

Sani ya yi dariya har ya ƙware. Kafin la'asar yaran layinmu duka suna kirana Mai Kabeji. Na cusa kwalin ƙarƙashin katifa, na rantse ba zan sake taɓa shi ba sai na iya. Wardin kuwa kamar da gayya ya yi ta buɗewa. Iya ta wuce ni da safe ta ce, "Ba za ki zana ba?" Na ce sai na sami takarda mai kyau. Washegari ta sake tambaya, na ce sai an koya mana a makaranta. Ta ce, "To." Daga jin wannan "to" na san yau ni ce a kan kasko.

Wai a wani gari da ke gindin dutse akwai wata mai zanen ƙwarya, sunanta Delu, ba mai hannu irin nata a ƙasar. Rannan sai wani fure ya fito a tsagar dutsen, wanda tsofaffi suka ce sau ɗaya yake fitowa a rayuwar mutum. Delu ta ce sai ta sa shi a jikin ƙwarya. Ta hau dutsen da wuƙarta, ta duba, ta ce bai gama buɗewa ba, sai gobe. Da gobe ta yi ta ce wuƙar ta dakushe, ta sauka wajen maƙeri. Da wuƙa ta yi kaifi ta duba ƙwaryar, ta ga ɗan tabo a gindinta, ta ce irin wannan fure ya fi ƙarfin ƙwarya mai tabo, ta kama hanyar wata kasuwa mai nisa neman wadda ba ta da aibi.

Akwai kuma maƙwabciyarta Kuluwa, wadda ko layi ba ta iya ja daidai ba. Ta hau dutsen neman itace, ta ga furen, ya shiga ranta. Ba ta da komai sai tsohuwar ƙwaryarta mai ɗinki da wani guntun ƙarfe. Ta zauna ta kankara abin da ta iya, ta ɗauki itacenta ta sauka. Tana ba da baya wata akuya ta zo ta cinye furen. Delu ta dawo da ƙwarya fes kamar wata, ta tarar da kara tsirara.

Nan na gyara zama, don na san yadda tatsuniyar kirki take ƙarewa. Za a taru a yaba wa Kuluwa, a ba ta shanu, Delu ta ji kunya.

"Sai mutanen gari suka taru suka duba ƙwaryar Kuluwa," in ji Iya, tana tono dankali daga toka. "Suka ce wannan ai sawun kaza ne. Suka yi dariya suka watse. Ita kuma ta ci gaba da shan furarta a ciki. Nan ta tsaya, ta ɗauki takalmanta ta koma."

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan."

"To Iya, wa ya ci riba?"

Ta hure tokar jikin dankalin. "Akuya."

"Wannan ba adalci ba ne! Wadda ta iya ba ta samu ba, wadda ta yi an yi mata dariya!"

"Ni na aiki akuyar? Je ki tambaye ta."

Na kwana ina tafasa. Da safe, don haushi kawai, na zaro kwalin na zauna gaban bahon na zana har yatsuna suka yi ja. Iya ta leƙo ta bayana da ludayin ƙullu a hannu ta ce, "Kabejin ya fara hankali." Iyakar yabon da na taɓa samu daga gare ta ke nan. Tatsuniyar kuwa ta maimaita ta ba adadi, kuma duk roƙon da na yi mata ta gyara ƙarshen, ko da ta sa kura ta cinye akuyar ne, ta ƙi.

Iya ta rasu ina sakandare. Na yi karatun zane, yanzu ina koyar da shi a wata makaranta, ina kuma karɓar aiki a gida. Wardi ya zama abin da aka fi sanina da shi, da fentin mai a kan kambas, yadin da ake zane a kai, shafi bisa shafi, kowanne sai ya sha iska kafin a ɗora wani.

Damina biyu da suka wuce aka haɗa ni da Baba Pam, wani dattijo a Bukuru da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Matarsa ta rasu, ƙafafunsa sun fara ƙi, 'ya'yansa sun yanke shawarar mayar da shi Abuja wajen babbar 'yarsa, gidan kuma a ba wasu. A bayan gidan akwai wardin da matar ta shuka tun suna amarci, kuma masu shigowa sun riga sun ce siminti za su zuba a wurin. Yana so in zana masa shi da fentin mai, babba, ya tafi da shi.

Ban taɓa haɗuwa da mai wuyar sha'ani irinsa ba. Ya yanko mini furanni na kawo gida na sa a kwalba, amma a sanyin damina fentin mai ba ya bushewa da wuri, kafin shafin farko ya kama furen ya sunkuyar da kai ya zube. Na ƙarasa da ka, na kai masa. Ya sa tabarau ya duba, ya ce da Hausarsa da ba ruwanta da "ke" da "kai", "Malama, wannan fulawan kanti ka zana. Ba na matana ba ne." Na koma na sake. Ya ce ya yi ƙiba. Na ɗauki hoto da waya na bi shi dalla-dalla. Ya ce, "Yana da kyau. Amma ban san shi ba." A cikin bas ɗin dawowa daga Bukuru na riƙe kambas a cinya ina magana ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Na ce masa ya ba ni lokaci in sayo fenti mai kyau daga Legas, in jira rana ta fito, in yi abin da zan sa sunana a kai ba kunya. Ya ce to. Ana nan sai 'yarsa ta kira ni ta ce ranar Asabar motar za ta zo.

Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta na bar kambas da burushi, na ɗauki fastel da takarda na hau bas, raina a ɓace. Ana yayyafi. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunne a bayan gidan, Baba Pam yana zaune a baranda cikin bargo yana ba ni umarnin da ban tambaya ba. Wardin ya tsufa, reshe ɗaya ya karkace ya jingina da bango, ƙwari sun huda ganyen, gefen furannin ya fara ƙonewa. Ban gyara komai ba, don ba lokaci. Takardar ta sha danshi ta kumbura, ɗigon ruwa ya faɗo ya ja jan launin zuwa ƙasa. Da haske ya fara tafiya na miƙa masa, ina jin kunyar abin da na yi.

Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Jan bai kai ba."

Na ce, "Baba, shi ke nan abin da ya samu."

Washegari na je sallama. An cika bayan mota da kaya, 'yarsa ta miƙa hannu za ta sa zanen a kan akwatuna. Ya hana. A cinyarsa ya ɗora shi, ya dafe da hannu biyu, haka motar ta tashi.

A hanyar gida na tuna da Kuluwa, kuma sai a ranar na lura da abin da na yi shekaru ina tsallakewa don haushi. Ina ta jiran a yaba mata, ita kuwa ba don mutanen gari ta hau kankarar ƙwaryar ba. Ta ga furen da idonta, kuma kullum ta ɗaga ƙwaryar za ta sha, sawun kazar nan yana maido mata da shi. Har yanzu ina ganin Iya ta iya faɗa mini haka kai tsaye, ta hutar da ni. Amma ba halinta ba ne.

Baba Pam yakan kira ni daga Abuja, yawanci ina tsakiyar aji. Kwanan baya ya ce, "Malama, na sake dubawa. Ganyen nan na hagu ya yi girma da yawa."

Na ja numfashi na ce, "Baba, ka ba direba ya kawo mini, in gyara."



"A'a," ya ce. "Bar shi a nan. Na dai gaya maka ne."