Fara Tara daga Mansur

A shekarun da nake ɗinki a unguwar Mansur ta Makka ina da wani maƙwabci dattijo, Basarke daga Yawuri. Shekara talatin yana Makka, ruwan da yake taɓawa bai wuce na famfo ba, don gyaransa ne sana'arsa. Amma in aka zauna shayi bayan la'asar, sai ya ciro mana giwan ruwa daga kogi da baki, kullum tana ƙara ƙiba.

Allah ya haɗa shi da suruki haifaffen Makka, jikan alhazai, mai Hausa da ɗingishi. Can wajen karatu ya koyo wani irin kamun kifi: a ɗaure gashin tsuntsu a ƙugiya da zare har ya yi kama da ƙwaro, a wurga a kan ruwa. Ran Asabar yakan kai masu sha'awa wani kwari a kudu, wajen Lis, yana nuna musu. Duk sanda maƙwabcina ya ɗauko zancen Yawuri, sai surukin ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Murmushin nan ya tsaya wa dattijo a wuya. Ya ce sai ya kama kifi a gaban yaron, ni kuma in je shaida.

Muka tashi bayan asuba, hantsi ya yi muka isa. Maƙwabcina ya tsaya ya dubi ruwan, iyakarsa ƙwauri.

"Wannan ne kogin?"

"Aiwa, ya ammi," in ji surukin. Haka yake kiransa, wato baffa.

"A garinmu nan agwagi suke alwala."

Surukin ya ba shi sanda, ya nuna masa yadda ake kaɗa zaren baya a kawo shi gaba. Shi in ya yi, sai gashin ya sauka a kan ruwa kamar an ajiye da hannu. Maƙwabcina ya kaɗa, ya kama ƙaya. Ya sake, ya kama hulata. Kafin a kwance ni surukin ya ciro kifi biyu, kowanne kamar tafin hannu, ya mayar da su ruwa. Dattijo ya ga wannan, ya yi salati a hankali.

Can sai ya juya baya, ya zaro gorar ruwa daga aljihu, an huda murfinta. Fara ce a ciki, guda tara, suna tsalle.

"Kifi ba wawa ba ne," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Wa zai ci gashi? Yanzu yaron nan zai ga aiki."

Ya kai hannu zai buɗe. Ni kuwa, Allah ya sani, hira kawai nake nema.

"Alhaji, a ina ka samo su masu ƙiba haka?"

"A saman benenmu. Jiya, da hannu."

Ya faɗa, ya ji abin da ya faɗa. Mansur tana cikin haddin harami, kuma tun muna gaban allo aka karantar da mu cewa abin farautar harami ba a kama shi, ba a ko razana shi, malamanmu kuma sun sa fara a ciki. Shi ma ya sani. Ɗoki ne ya rufe masa ido.

"Malam, guda ɗaya fa?"

"Ta Makka ce."

"To ai yanzu ba a Makka take ba."

"Wa ya fito da ita?"

Ya dubi ruwa. Ga kifayen nan sun taru a inuwar dutse, ana ganin bayansu. Ya dubi surukinsa, wanda ya matso yana sauraro. Sannan ya ƙara murɗa murfin, ya ce a buɗe masa mota ya sa su a inuwa.

Surukin ya ce, "Ya ammi, a nan ma akwai fara. Mu kama na nan, halas."

Muka bazu cikin ciyawa, dattawa biyu da babban mutum guda. A nan na gane farar Makka ba ta san tsoro ba, tun kakanninta ba wanda ya bi ta da gudu, shi ya sa ta zauna aka ɗauke ta. Ta kwarin nan kuwa tun kana taku goma ta tashi. Na rasa takalmi ɗaya a laka. Maƙwabcina ya kifa hularsa a kan wani abu da murna, ya ɗaga a hankali, kashin akuya ne.

Bayan azahar ya koma wa gashin tsuntsu, har ya yarda suruki ya riƙe masa wuyan hannu. Ko kifi ɗaya bai kula shi ba.

A hanyar dawowa ya rungume gorar a cinya, yana tura musu ganyen jarjir ɗin da ya rage daga abincinmu. Ya sa aka rage sanyin mota. Ɗaya ta kwanta ba motsi, ya tambaye ni kaffarar da ke kansa, na ce ya ba miskini dabino. Na lura duk inda hanya ta yi gargada sai surukin ya taka birki.

Muka hau bene gab da magariba, ya buɗe murfi, takwas suka fita ba gaggawa. Surukin ya kama kafaɗunsa ya sumbaci kansa, irin yadda 'yan Makka suke yi wa iyayensu, ya ce Asabar mai zuwa zai zo ɗaukarsa. Dattijo ya ce zai duba ko yana da aiki.

Sai da ya ji tashin motar sannan ya juyo gare ni.

"Malam, nan gaba in tambaya ta zo maka, ka riƙe ta sai an soya kifin."