Yadda Son Tsari Ya Kusa Ruɓar da Naman Layyar Unguwarmu

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu baki ɗaya. Ni 'yar Zangon Kumasi ce, a nan aka yanke mini cibiya, a nan na yi aure. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma a lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni mace ce da ba ta ganin abu a karkace ta wuce shi. Tsintsiya tana da ƙusarta, ludayi yana da tasa, takalman yara kuwa a jere suke kwana daga na babba zuwa na ƙarami. Maigidana ne ya fara kira na Sajan, unguwa ta ɗauka, har yaran da aka haifa daga baya suna zaton sunan yanka ne. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don a ganina na cancance shi.

Shi maigidan mai gyaran firij da firiza ne, irin manya na masu sayar da kifi da kaji, ana kiran sa tun daga unguwar Tafo har Krofrom. Inda ya fi ƙwarewa shi ne ɗan akwatin nan mai nuna jar lamba, wanda ke cewa injin sanyi ya tashi ko ya tsaya. Mu ma muna da ɗakin sanyi a jikin gidanmu, muna sayar da kaji da kifi, idan Babbar Sallah ta ƙarato kuma sai mu ƙarar da kayan, mu bar wa maƙwabta wurin su ajiye naman layya. Mutumin kirki ne, sai dai ba shi da tsari ko kaɗan. Na sha cire sukurudireba daga aljihun rigarsa ta Juma'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wata siririyar baƙar waya ce mai ɗan kai kamar ƙwallon dabino, wadda ya bari tana reto daga rufin ɗakin sanyin. Duk shigar da zan yi sai ta shafi ɗankwalina. Na yi magana har na gaji, kullum amsarsa ɗaya ce, wai Sajan a bar ta, aikinta take yi. Shi bai taɓa faɗa mini aikin ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba, na riga na yanke cewa ƙyuya ce kawai irin ta maza.

A shekarar da Allah ya kira shi aikin hajji, ya zaunar da ni ya damƙa mini ɗakin. Ya ce kowace safiya in duba lamba, in na ga sha takwas da ɗan layi a gabanta, to lafiya. In aka ɗauke wuta in ɗan dakata kafin in tayar da janareta. Kada in taɓa maɓallan akwatin, kada in bari a yi ta buɗe ƙofa, in kuma akwatin ya fara ƙara in kira abokin aikinsa da ke Ashanti New Town. Na haddace su bi da bi, na maimaita masa. Bai ce komai a kan wayar ba, ni ma na ja bakina na yi shiru, don na san abin da na ƙulla.

Ana jibi Sallah na shiga ɗakin da bokiti da tsumma. Na fara da rufi, na bi bango, na ƙare da ƙasa. Sannan na hau kujera na naɗe wayar nan tsaf, na kai ta bayan fanka inda bututun sanyi yake da farar ƙanƙara a jikinsa, na ɗaure ta tamau da ƙyallen atamfa. Da na sauko na duba ɗakin, wallahi sai da na yi murmushi ni kaɗai. Na fito na ga lambar ma ta ƙara yin ƙasa, injin kuma da ya ɗan yi gurnani sai ya huta, mita ba ta cin wuta kamar da. Na ce a raina, ashe ƙazanta ce take wahalar da injin duk shekarun nan, bari mutumin ya dawo ya ga aikin mata.

Ranar Sallah da yamma nama ya fara zuwa, cinyoyin shanu da na raguna, a bokitai da ledoji. Na sa kowa ya bi layi, na kuma ce kowane gida ya ɗaure kayansa da ƙyalle mai launi daban, wanda bai zo da ƙyalle ba ya koma ya ɗauko. Da ɗaki ya cika na kulle, na rataya makulli a wuyana, na sanar cewa ba mai buɗe ƙofar nan sai nama ya daskare. Washegari wata maƙwabciyata ta zo tana roƙo in ba ta ɗan abin miya, ta yi baƙi. Na nuna mata lamba, na ce doka doka ce, ta tafi tana ƙunƙuni.

A rana ta uku da hantsi, Maame mai dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, wata Ba'asantiya da ke sana'a a bakin layinmu, ta leƙo. Ita ma tana da kaso a ciki, naman da maƙwabta suka ba ta na Sallah. Ta ce Sajan, kuliyoyin unguwa suna taro a ƙofar ɗakinki tun safe, ko an gayyace su ne? Na fita na tarar da wani jan ruwa yana biyo ƙarƙashin ƙofa. Duk da haka sai da na nuna mata lambar, na ce ta duba da idonta. Ta ce ita dai ba ta ga kuliyar da ta iya karatun lamba ba, hanci suke bi, gara in buɗe. Na buɗe. Sanyin da ya tare ni irin na cikin randa ne, ba wanda ke cizon kunne ba. Na danna yatsa a kan wata cinya, yatsan ya nutse. Na jingina da bango. Naman ibadar mutane ne, wasu shekara guda suka yi suna tari kafin su sayi dabbar, wasu 'ya'yansu ne suka aiko daga turai, kuma duk a hannuna aka bar shi.

Na kira abokin aikin maigida, ya ce yana can ƙauyensu wurin jana'iza. Ba yadda na iya, na kira maigidan ta bidiyo. Ya ɗauka yana cikin tanti a Mina, kansa a aske ƙwal yana ƙyalli. Ya ce in nuna masa akwatin, na nuna. Ya ce in shiga ciki in ɗaga salula sama. Sannan ya tambaya a hankali ina wayarsa. Na juya salular zuwa bayan fanka, inda ƙyallen atamfata yake a ɗaure da kyakkyawan ƙulli. Edita, mutumin nan ya yi dariya har alhazan da ke gefensa suka cuso kai suna son ganin abin da ke faruwa a Kumasi. Da ya samu numfashi ya ce wayar nan ita ce yatsan akwatin, da ita yake taɓa iskar ɗaki ya san ko ta yi sanyi. Ni kuma na kama yatsan na manna shi a kan ƙanƙara, shi ya sa yake ta gaya wa injin cewa duniya ta daskare, ya je ya kwanta. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah yana cikin aikin hajji, an hana jayayya, amma ya ajiye faɗan a jaka, zai sauko da shi a filin jirgi.

Ya sa na kwance ƙullin, na saki wayar ta koma retonta, na fito na tsaya gaban akwatin. Ina kallo lambar ta fara hawa, ɗan layin gabanta ya ɓace, akwatin ya ɗauki ƙara, injin ya tashi bai sake tsayawa ba. A nan ne wani tunani ya zo mini, kuma shi ne abin da na fi jin kunyarsa a labarin nan. Na rage murya na tambaye shi, in na mayar da ƙofa na kulle yanzu, ai naman zai daskare ba wanda ya sani? Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce zai daskare, amma da wannan lodin sai injin ya kwana ya wuni, naman kuwa ba shi da wannan lokacin, wanda ya fara juyawa zai daskare da ɓacinsa, yaran mutane su ci. Ya ce bai daɗe da dawowa daga jifan Shaiɗan ba, ashe shi tsinannen ya hau jirgi ya riga shi zuwa gida. Ya ce Sajan, ke kika san abin da ya dace, ya kashe salula.

Na fara da tsohon mahaucin unguwarmu. Ya zo yana dogara sanda, ya bi ledojin yana shinshinawa yana dannawa. Ya ware kayan ciki gefe ya ce waɗannan sun tafi, a binne. Sauran kuwa ya ce lafiyarsu ƙalau, da sharaɗin su ga wuta yau kafin rana ta faɗi. Na yafa mayafi na shiga gidaje, na fara da gidan matar da na hana abin miya, don na san nan ne ya fi wuya. Na faɗa mata komai ban rage ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tafa hannu, ta ƙwala wa matan gidan kira wai su fito su ga abin da ba a taɓa gani ba, Sajan ta yi laifi, yau wa zai sa ta tsallen kwaɗo? Tana faɗa tana jawo babban kaskonta daga ƙarƙashin gado. Wani dattijo ya yi mini faɗa sosai, na tsaya na shanye, don gaskiyarsa ce. Amma yawanci da na gama bayani sai a tambaye ni ko akwai isasshen itace.

Kafin azahar layinmu ya cika da murhu. Masu tsitsinga, wato tsire, suka kawo wayoyin gashinsu da yaji, mata suka fito da tukwane da galan-galan na mai, Maame ta juye dokununta da shito, miyar barkonon da ake ci da shi, a faranti ta ce yau ba na sayarwa ba ne. Tsohon mahauci ya zauna a kujera yana yanka yana ba da labarin Sallar da, lokacin da ba firiza, kowa soya namansa yake yi ya adana a cikin kitse. A nan ne halina ya yi rana. Saboda ƙyallayen nan masu launi, ba naman gidan da ya shiga na wani. Na jera murhu gida-gida, na raba masu wanki da masu yanka da masu suya, ina zagayawa ina ba da umarni, su kuma suna sara mini da ludayi suna cewa an ji, Sajan. Hayaƙi da ƙamshi suka kai har bakin titi, direbobin tirotiro, motocin hayar nan, suna rage gudu suna tambaya auren wa ake yi.

Mutum ɗaya ce ta hana ni sakewa, wata tsohuwa da ba ta yi yanka ba, kasonta duka hanta ne da tumbi da aka ba ta, kuma suna cikin abin da aka binne. Na ɗauki cinyar ragonmu na kai mata, na durƙusa na ce Iya ki yafe mini. Ta ce 'yar nan, da wane haƙorin zan ci cinya, so kike ki ƙarasa mini ukun da suka rage? Ana cikin dariya sai wani gida da ba su yi yankansu ba sai ranar suka aiko mata da hanta sabuwa. Ni na gasa mata da hannuna, ta ci ta sa mini albarka, sannan na iya sa loma a bakina.

Ranar da maigida, sabon Alhaji, ya dawo, bayan an gama taryarsa, ya wuce ɗakin sanyi da jama'a a bayansa, ya tsaya gaban wayar ya yi mata sallama, ya tambaye ta yaya ta ji da zaman kurkuku. Na kawo masa soyayyen naman da na adana masa a kitse. Ya ci, ya ce faɗan da ya ajiye a jaka ya ɓata a filin jirgi. Tun daga shekarar, duk rana ta uku ta Sallah sai an fito da murhu a layinmu, kuma ba a rasa mai tambayata ko bana ma zan taimaka in ɗaure wayar.

Abin da na koya zan faɗa wa 'yan'uwana masu ɗakin sanyi da masu firizar sana'a. Lambar da ke jikin akwati ba ƙarya take yi ba, amma abin da kan wayar ya taɓa kaɗai take faɗa, don haka ku riƙa buɗewa kuna danna kayan da yatsanku. In kun ga abin da mai gyara ya bari a yadda bai yi muku kyau ba, ku tambayi dalili kafin ku kai hannu. Ku kuma masu gyara, ku daina cewa a bar shi kawai, ku buɗe baki ku yi bayani. In kuwa ɓarna ta riga ta auku a kan kayan amana, ku faɗa tun ana iya ceto, don kunyar da na ji a ƙofofin mutane ta wuce kafin la'asar, da na kulle ƙofar nan kuwa da har yau ina ɗauke da ita. Wayar tana nan tana reto a inda take. Har gobe ba ta yi mini kyau ba, amma in na zo wucewa ni nake sunkuyar da kai.