Turamen Malama Haulat

Da mijinta ya rasu, ya bar wa Malama Haulat mota a ƙofar gidansu da ke Ƙofar Marusa. Shekara talatin tana koyar da 'yan firamare, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Tana fita takaba dangi suka ce a sayar. Ta ce ba mai taɓa mata mota.

Tuƙi bai ba ta wuya ba. Abin da ya gagare ta shi ne shigar da mota da baya tsakanin motoci biyu a bakin titi. Sai ta fito da turamenta biyu ta girke a waje a madadin motocin, tana gwadawa kullum bayan la'asar. Makon farko ta tsaga ɗaya, ta aro na maƙwabciya.

'Yan majalisar gindin dalbejiya kuwa suka samu aikin yi. Da ta sa giyar baya sai su miƙe, wannan yana "Taho, taho!", wancan yana bubbuga bayan motar, Malam Isiyaku tela yana ihun "Karya kan, Malama!"

Wata Juma'a ta dawo ta tarar motocin 'yan ɗaurin aure sun cika layin, saura ɗan gurbi. Majalisa ta miƙe. Ta ɗage gilashi, ta shige tsaf a karo ɗaya. Ta fito ta miƙa wa tela makulli.

"Malam Isiyaku, tunda kai ne gwani, fito mini da ita."

Ya cusa hannuwansa cikin aljihu.