Saƙon da Na Aika wa Baffa ta Bakin Goggo

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan Ƙofar Wambai, ina karatun digiri na biyu a fannin fiziks, kuma duk unguwa mai wasa da ƙasa ake ce mini. Ba su yi ƙarya ba. Bincikena a kan baƙin yashin nan ne da ake gani a bakin rafi bayan an ɗauke ruwa. In hau babur in nufi wajen Miri, in naɗe maganaɗisu a leda in ja shi cikin yashi, baƙin ya manne, farin ya zube. In kai shi ɗakin gwaje-gwaje in wanke, in niƙa, in sarrafa har ya zama gari mai laushi kamar kwalli. Malamata, wata dattijuwa 'yar kudancin jihar nan wadda ba ta iya kwana-kwana ba, tana ganin garin zai iya janye datti daga ruwan sha. Abin da ya rage shi ne a auna ƙarfinsa a wata na'ura da babu irinta a nan, sai a wata jami'a can kudu, kuma layi ake bi. Ta sa sunana, ta ja mini kunne cewa garin ba ya jira, in ya daɗe iska tana kashe masa ƙarfi, makaranta ma ba ta jira.

Baffana, yayan mahaifina, shi ya riƙe ni tun da mahaifinmu ya rasu, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba. Ya gina ɗan otal a Tirwun, ya sa ƙofofin zamani masu buɗewa da kati. Sai katunan suka dinga mutuwa. Baƙo ya dawo a gajiye ƙofa ta ƙi shi, ya sauko yana faɗa. An canza makullai, an kira masu gyara, har an fara raɗe-raɗin ko wani mai otal ne ya yi wa wurin asiri. Ran nan na je gaishe shi, na ga a kan wata tsohuwar lasifika mai karɓar baƙi yake jibge katunan. Na ce a raba su, domin maganaɗisun cikin lasifikar ne ke goge abin da ke jikinsu. Aka raba, matsala ta ƙare. Abu ne da ɗan aji ɗaya ya sani, amma na tsaya ina hura hanci ana yabona.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zaure cike da dangi ana cin abinci, Baffa ya yi gyaran murya ya ce ya samu wanda zai riƙe masa otal, ya nuna ni. Ya ce yaron da Allah ya ba irin wannan kai bai dace ya ƙare a tonon yashi ba. Aka ɗauki kabbara, dattawa suna sa albarka. A gidanmu babba ba ya yi maka kyauta a gaban mutane ka tsaya bayani. Na durƙusa na ce na gode.

Ban kwana da maganar ba, na faɗa wa Inna, mahaifiyata, gaskiya: ba zan iya ba, karatuna nake so, a ba Baffa haƙuri. Amma Inna ba za ta iya tunkarar yayan mijinta da irin wannan magana ba, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ta kai wa Goggo, ƙanwar Baffa, wadda ita ce mai shiga wurinsa da duk wata magana mai nauyi. Ni kuma na zauna ina jiran a sallame ni. Amsar da ta dawo ita ce Baffa ya ji daɗi ƙwarai, kuma tunda ya ji ina son karatu haka, ya sa an yi mini rajistar difloma a fannin gudanar da otal, in riƙa zuwa ƙarshen mako. Na kalli Inna, ta sunkuyar da kai ta ce in yi haƙuri, kada in ba ta kunya a gidan da aka rufa mata asiri.

Haka na shiga. Da safe lissafin zannuwan gado, da rana rigimar mai janareta, da yamma baƙon da ya ga ƙadangare a banɗaki. A difloma ma aka ce sai na yi bincike, na zaɓi dalilin da ke sa baƙo ya dawo otal ko ya ƙi dawowa. Ni da nake auna maganaɗisu na koma bin mutane ina tambayarsu ko tawul ya yi musu laushi. Abin haushi kuma aikin ya karɓe ni, baƙi suka ƙaru, Baffa yana ta nuna ni ga abokansa, kowane yabo ya ƙara ɗaure ni. Layina na na'urar awon nan ya zo ana tsakiyar bukukuwan bayan Sallah, otal ya cika maƙil, na roƙi a ɗaga mini. Aka ɗaga, ya sake zuwa, na sake roƙo. Da na leƙa ɗakin gwaje-gwaje na tarar garina ya fara ja kamar tsatsa, na kara masa maganaɗisu yana tasowa da ƙyar. Daga nan in malamata ta kira sai in kifa wayar. Na rame, ba na jin daɗin abinci, kuma babu wanda zan kai wa kuka, don kowa gani yake na tako arziki.

Wata rana aka yi liyafar aure a zauren otal ɗin, sai ga malamata cikin mahalarta. Ta gan ni a bayan tebur ina miƙa kati, ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. Ta tambayi mai wurin, aka nuna mata Baffa. Ta gaishe shi cikin ladabi, sannan a gabana ta ce masa ya ɗauke mata ɗalibin da ta fi sa rai a kansa, yaron da ta san ba ya son komai a duniya kamar aikin nan, kuma wa'adin karatunsa ya ƙare ko yana gab da ƙarewa. Na ga fuskar Baffa ta canza.

Da aka watse ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya tambaye ni ko gaskiya matar nan ta faɗa, na ce gaskiya ne, har na aiko a ba shi haƙuri tun ranar farko. Sai ya faɗa mini abin da ya iso kunnensa. Daga baya na gano cewa Inna ta ce wa Goggo yaron yana da sauran karatu, a duba masa. Goggo ta ga ba za ta ɓata wa yayanta rai a kan alherin da ya yi ba, ta ce masa yaro yana godiya, kuma yana da son karatu. Kowace ta rage wa maganar kaifi don ta kare ni, har ta isa babu ƙi a cikinta. Baffa ya ce da na zo da ƙafata na zauna a gabansa na faɗa, da ko minti ɗaya bai riƙe ni ba, don akwai wanda ya so ya ba aikin ya fasa saboda ni.

Washegari ya sa babbar riga ya ce in kai shi makarantar. Mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba ya bi ofis-ofis yana cire hula yana ba da haƙuri. Aka karɓe shi da mutunci, aka ce masa an riga an rufe, sunana ya fita, gurbina a layin na'ura an ba wani ɗalibi. Da muka koma mota bai ce a tayar ba. Sai ya ce ya cuci ɗan ƙanensa yana zaton gata yake yi masa, me zai ce wa mahaifina ranar da suka haɗu. Hawaye na gani a gemunsa, kuma wannan ya fi mini zafi a kan karatun da na rasa.

Har yau ina otal ɗin. Baffa ya ce in tafi duk lokacin da na so, amma yanzu ƙarfinsa ya ragu, ni kuma ban san ta inda zan faro ba. Tun ranar bai ƙara yabona a gaban mutane ba, in na shigo sai ya kau da kai. Ban ga laifin Inna ko Goggo ba, tarbiyyar da suka samu suka bi. Amma ina roƙon matasa 'yan'uwana, maganar da rayuwarku ta rataya a kanta kada ku ba wani ya kai muku, komai kusancinsa. Ku je da kanku, ku durƙusa, ku yi ladabi iyakar ladabi, sannan ku faɗe ta yadda take. Ku kuma iyaye, in za ku yi wa yaro alheri, ku kira shi gefe ku tambaye shi kafin ku sanar a zaure, domin a gaban jama'a ba abin da zai iya ce muku sai na gode.